Ƙanƙarar Shan Ruwa da Ƙusar Titin Panshekara

Shekarar da tiransifomar unguwarmu ta ƙone ana gobe azumi, a shekarar ce na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci. Azumin ya faɗo a tsakiyar bazara, wuta kuma ta yi wuya a ko'ina, ƙanƙara ta zama abin nema. Lokacin ina aikin yamma a wani kamfanin jima a Challawa, muna juya fatu a cikin manyan ganguna, ga zafin gari ga zafin inji.

Mu 'yan aikin yamma a bakin aiki muke shan ruwa. Sai muka yi tsari a tsakaninmu: kullum bayan la'asar mutum ɗaya zai fita ya samo mana ƙanƙara, wani abokin aikinmu Kirista, mutumin kudancin Kaduna, ya riƙe masa gangarsa har ya dawo. Wanda ya fita kafin ni sai da ya je har Bompai, ya dawo da 'yar ƙanƙara kamar sabulun wanka. Ni na fi kowa yi masa dariya. Na ce su jira gobe su ga yadda manya suke yi.

Washegari kuwa na taki sa'a. A Sharada na sami curin ƙanƙara biyu manya, aka zuba musu garin katako, aka naɗe a buhu, na ɗaure a bayan babur da roba. Na buga wa abokan aikina waya na ce biyu na samo. Na hau titin Panshekara sanyin yana ratsa mini baya, ni kaɗai ina ta murmushi.

Ban yi nisa ba na ji bayan babur yana rawa. Na tsaya na duba, tayar baya ta kwanta. Na waiga hagu da dama, babu mai faci, sai dogayen katangun kamfanoni da tireloli a jere. Na fara turawa. Da na kalli baya sai na ga ɗigon ruwa ya yi layi a kan kwalta yana bina. Na ƙara sauri, silifas ɗina ya tsinke, na cire na ci gaba da ƙafa ɗaya a ƙasa.

A jikin wata katanga na ga rubutu da baƙin fenti. Da bara ne, da ban iya karatu ba, wucewa zan yi. Na tsaya na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya kamar yadda malaminmu yake sa mu yi, sai ga shi ya fito: akwai mai faci a baya. Wallahi sai da na yi kabbara a fili. Na karya kwana na shiga lungun da gudu.

Wani dattijo ne kwance a kan benci ƙarƙashin darbejiya, ya rufe fuska da hula. Ya amsa sallamata, daga harshensa na gane Badamagare ne, abokin wasanmu.

"Baba, ku tashi ku taimake ni, ƙanƙarata tana narkewa!"

Ya ɗaga hular ya kalli ƙafata. "Bakano ke nan. Ya sayi ƙanƙara bai sayi takalmi ba."

Ya tashi a hankali ya ɓanɓare gefen taya da ƙarfe, ya zaro tub ɗin, ya ba shi iska da famfo. Sai ya jawo bahon da yake tsoma tub don ganin inda iska take fita. Bahon a bushe yake ƙayau. Ya ce mai ruwa bai zo ba tun safe, ɗan abin da ya rage kuma ya yi alwalar la'asar da shi.

Ya kara tub ɗin a kunne, ƙarar tireloli ta hana shi ji. Ya bi da shi kusa da kuncinsa, bai ji komai ba. Ya kai yatsa baki zai shafa yawu a inda yake zargi, yatsan ya fito a bushe.

"Kai kana da yawu?"

Na gwada, babu. Muka kalli juna muka fashe da dariya, mutum biyu masu azumi an rasa mai yawun gwada faci.

Ana haka wayata ta yi ƙara, mai riƙe mini ganga ne. "Malam, ina manyan suke? Mutanenka sun jiƙa zoɓo, sun jera kofuna, ƙofa kawai suke kallo. Ko in ce musu su yi haƙuri da ruwan famfo?"

"Ka ce musu ina hanya!"

Da na kashe wayar sai na ga dattijon ya ƙura wa buhuna ido. Ya tura bahon ƙarƙashin babur, ruwan yana ɗiga a ciki ɗis, ɗis. A haka sai an yi sallar asham bai rufe gindin bahon ba.

"Sai dai ka fasa ɗaya," in ji shi. "Ko ka kai musu ɗaya, ko ka zauna nan da biyu su zama ruwa."

Na kwance buhun da hannuna. Ya miƙo mini guduma. Na daddatsa curi guda, muka zuba a bahon, muka ja shi cikin rana muna juyawa da hannu. Sanyin ya kama mini yatsu, na riƙa kawar da kai saboda ƙishirwa. Da ruwan ya taru ya tsoma tub ɗin yana juya shi kaɗan-kaɗan. Can sai ga 'yan kumfa suna tasowa a jere.

"Ga ta nan! Baba, ga ta nan!"

"Na gani, ba makaho ba ne ni." Ya ƙara juyawa, wasu kumfan suka taso ta ɗaya gefen. Ashe ƙusa ce ta shiga ta nan ta ɓulla ta can, huda biyu.

Ya ce facin wuta ya fi ƙarko amma yana cin lokaci, na ce a yi na gam. Ya goge wurin, ya kankare, ya shafa gam, sannan ya harɗe hannu ya zauna.

"Baba, ku manna mana!"

"Sai ya sha iska. In na manna yanzu, kafin ka kai kwanar can ya ɓalle."

Ni mutum ne da aka sani da haƙuri, amma ranar na zaga babur ɗin nan har na rasa iyaka. Rana ta yi ja a saman katanga. Shi kuwa ya zura hannu cikin taya yana lalube, ya zaro ƙusar, 'yar siririya irin ta akwatin katako, ya sa mini a tafin hannu. Sannan ya manna facin biyu, ya bubbuga, ya mayar, muka yi karɓa-karɓa a famfo har taya ta yi tauri.

Akwai wani guntu da bai narke ba a bahon. Ya tsame shi ya ɗauraye, ya naɗe a leda yana murna, ya ce yau Bakano ya yi masa rana. Na gutsura masa wani daga mai kyau, na ɗora sauran a gabana na taka babur.

Ina shiga ƙofar kamfani ladan yana ɗaga murya. Mai riƙe mini ganga ne ya fara hango ni, ya ɗaga hannu biyu yana ihu, sauran suka taso da bokitin zoɓo. Abin da ya rage na curin bai kai kan mutum ba, amma da aka jefa shi a bokiti kowa ya sami kofi mai sanyi. Wanda na yi wa dariya jiya ya ɗaga buhun da ya jiƙe sharkaf ya ce, "To, ina ɗayan, manya?" Ni dai bakina yana cikin kofi.

Abin da na rasa ranar: curin ƙanƙara ɗaya da kusan rabin na biyu, silifas ƙafa ɗaya, da robar ɗaure kaya da na manta a wurin mai faci.