Yadda Na Miƙe Don Goyon Jikata

Ɗiyata ta fari ta rasu wajen haihuwa a Kalgo, inda take aure, ta bar jaririya mace. Ina Gwandu aka kira maigidana a waya. Ya shigo tsakar gida ya faɗa mini ina tsakiyar tankaɗe, na ce innalillahi, na ƙarasa tankaɗen, na rufe ƙwaryar saboda kaji. Har yau in aka tambaye ni abin da na ji a ranar, ba ni da amsa. Ban ji komai ba.

A wajenmu uwa ba ta nuna ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi gaban mutane, in ya faɗi wata ce za ta ɗaga shi. Haka na tarar, haka na yi. To wadda ba a taɓa ganin tana so ba, ina za a gan ta tana kuka? Da muka je zaman makoki sai na samu lungu a ɗakin uwar mijinta, wadda muke kira Hajiya, na zauna kan kujera 'yar tsuguno, na ja mayafi, na sunkuyar da kai har haɓata tana taɓa ƙirjina. Hawayen ma babu, balle in ɓoye su. Gudu nake kada wata ta leƙa fuskata ta ga wani abu, ko ta ga babu komai, don duka biyun abin magana ne. Mata na shigowa suna mini ya haƙuri, ina amsa wa ƙafafunsu. Da takalma da lallen ƙafa na san masu gaisuwar nan.

Ranar suna aka mayar wa jaririyar da sunan uwarta, ka ga ita ma ba ni da bakin kiranta. 'Yar nan nake ce mata. Uban jaririyar matashi ne, bai san inda zai sa kansa ba, sai dangi suka ce a ba ni ita in raina. Na dawo Gwandu da jaririya, na kuma dawo da zaman nan. Daga asuba zuwa magariba ina kan 'yar kujera a ƙofar ɗaki, yarinya a cinya, ina ba ta madara, kai a ƙasa. Tun ana zuwa gaisuwa har aka daina zuwa, ni ban daina sunkuyon ba.

Wuya ne ya fara sandarewa, sai kafaɗu, sai ƙugu. Daga baya ƙafata ta hagu ta mutu, in na mintsine ta kamar ina mintsinar ƙafar wani. Ranar da yarinya ta isa goyo na duƙa, maƙwabciyata ta ɗora mini ita, na ce zan miƙe, sai bayana ya ƙi. Na tsaya a duƙe kamar mai neman allura a ƙasa, yarinya na tsala kuka, har aka sauke ta. Ni da na goyi 'ya'ya har na manta adadin zannuwan da suka tsufa a ƙirjina.

An yi magani, ba a ƙi ba. Wanzami ya zo ya yi mini ƙaho, aka murza ni da man zafi, maigida ya kawo rubutu na sha, wata ta kawo saiwoyi masu ɗacin tsiya. Bayan yana nan yadda yake. Yarinya kuwa wuni take kwance a tabarma, sai in wata maƙwabciya ta samu sarari ta ɗan goya ta.

Farkon damina Hajiya ta zo ganin jikarta. Ta same ta a tabarma ina korar mata ƙuda da mafici. Ta ɗauke ta, ta shafa ƙeyarta, ta ga gashin wurin ya cinye saboda kwanciya. Ba ta yi faɗa ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi, don baki ina da shi. Cewa ta yi yarinya na bukatar baya, kuma ɗiyarta, goggon yarinyar, wadda ke aure a Diggi, tana shayarwa, za ta iya haɗa su biyu.

Ta ce, "Ba yau zan ɗauke ta ba. In an yanke gero zan dawo. In na iske ta a bayanki, taki ce. In na iske ta a tabarma, da ita zan tafi."

Na so in ce mata ita wa ta naɗa alƙali. Amma gaskiya ta faɗa, kuma ƙafafunta nake kallo. Ban ji tsoro ba, ban ji haushi sosai ba. Abu ɗaya na sani: kukan yarinyar nan ne kawai ke tashe ni da safe. In aka tafi da ita, ban ga abin da zai fitar da ni daga ɗaki ba.

Ita Hajiyar ce kuma ta matsa sai na bi ta Kalgo, wai akwai wata ma'aikaciyar lafiya a ƙaramin asibitin unguwarsu da ta san ciwon baya. A mota ta Birnin Kebbi muka bi, kowane rami sai na ji shi a ƙuguna. Matar ta kwantar da ni, ta ɗaga ƙafar, ta danna nan ta danna can, ta ce ba abin da ya karye. Ta tambayi yadda nake zama, na nuna mata. Ta tambaya ko ina barci, ko ina cin abinci, ko akwai wanda nake hira da shi. Na ce baiwar Allah, baya na kawo miki. Ta ce ai baya da zuciya gida ɗaya suke kwana.

Ƙwayoyin da ta ba ni kaɗan ne, aikin ne mai yawa. In rabu da 'yar kujerar nan, in samu mai tsayi mai jingina. Kada in daɗe a zaune ban tashi na motsa ba. In zan ɗauki abu a ƙasa in lanƙwasa gwiwa, ba ƙugu ba. Kullum da safe in fita in taka, ko da zuwa ƙarshen layi ne. In jingina da bango a tsaye, dunduniya da kafaɗu da ƙeya duk su taɓa shi, in ja numfashi a hankali. Ta ƙara da cewa in ana mini magana in dubi fuskar mai maganar. Wannan na ƙarshen na ji shi ne kawai.

Ranar farko da na tsaya jikin bangon ɗakina, tsakanin ƙeyata da bango sai ka zura hannu ya wuce. Maigida ya fito ya gan ni a ƙame, ya ce ko aikin soja na samu bai sani ba. Ban yi dariya ba, shi ma bai sake ba. Washegari ya ɗaure mini tsintsiya a jikin sanda don in yi shara a tsaye. Matan unguwa suka samu abin faɗi, wai ina shara kamar ma'aikacin gwamnati. Su faɗa.

Tafiyar safe na fara ta da dafa katanga. Daga ƙarshen layi na kai rijiya, daga rijiya na fara kaiwa bakin hanyar Kambaza, inda matan rugga ke shigowa gari da ƙoren nono a ka. Ina kallon wuyansu a miƙe, na tuna ni ma haka nake tafiya ina budurwa. Da na koma gida sai na ɗora 'yar ƙwarya da ruwa a ka ina zagaya tsakar gida. In na sunkuya ruwan ya zubo mini a fuska, ba mai tuna mini sai shi. Na jiƙe ya fi a ƙirga. Daga nan na fara goyon matashin kai, sannan ƙullin gero a zane, ina yawo da shi tsakanin madafi da ɗaki kamar mahaukaciya.

Kada wani ya ɗauka da ƙwazo na yi. Yadda ake haɗiye magani haka na yi, ba daɗi ba ɗaci. Abin da ya fi ba ni wuya ɗaga kai. Da kan ya fara tashi sai na fara ganin abubuwan da ban nema ba. Na ga ƙawayen ɗiyata da cikinsu da goyonsu. Na ga gemun maigida ya yi fari fat, ban san yaushe ba. Ashe shi ma ɗiya ya rasa, muna gida ɗaya ban taɓa dubansa ba.

Sallah da nake yi a zaune ta koma ta tsaye. Ƙafar ta ɗan farfaɗo, ban da yatsu. Yarinyar kuwa na fara goya ta a cikin gida, kaɗan-kaɗan, ina saukewa in ƙugu ya fara kira.

Aka yanke gero. Wata hantsi sai ga sallama, Hajiya ce da goggon yarinyar, ba su aiko ba. Yarinya kuwa tana tabarma, na kwantar da ita ke nan zan ɗauraye kwanoni. Hajiya ta dubi tabarmar, ta dube ni.

Na goge hannuna. Na lanƙwasa gwiwa yadda aka koya mini, na kama yarinyar ta hammata na juya ta baya. Ta yi nauyi, ta fi ƙullin geron. Wani zafi ya tsarga mini daga ƙugu zuwa dunduniya, na cije, na ja zane na ɗaure, na miƙe har sai da na ji ƙeyata ta tsaya inda bango ya koya mata. Sannan na dubi Hajiya a fuska, karo na farko tun rasuwar. Ta rame. Idanunta sun faɗa.

Ta buɗe jakarta ta fito da sabon majanyi, wanda ta sayo don ɗaukar yarinyar. Ta zagayo bayana ta ɗaura mini shi da kanta, ta ja shi tamau. Ko ruwa ba su gama sha ba ta ce, "Raka mu tasha."

Na gane nufinta, so take ta ga ko bayana zai ɗauki tafiya da goyo. Na raka su a ƙasa, ta cikin kasuwa, ban dafa komai ba. Kowane taku ina jin sa, amma ban tsaya ba. A tasha Hajiya ta daɗe da hannunta a kan yarinyar, tana shafa ƙeyar da gashi ya fara fitowa.

Ta ce, "Taki ce. Ku riƙa kawo mini ita."

Ta shiga mota ta zauna bakin taga, ta ɗora hannuwanta biyu a cinya, ba komai a cikinsu. Ashe har gado ta gyara wa yarinyar a Kalgo, don ranakun da za a riƙa kawo mata ita daga Diggi, goggon ce ta faɗa mini a hankali. Motar ta tashi, na ga Hajiya ta ja mayafi ta sunkuyar da kai.

A nan wani abu ya motsa a ƙirjina. Ba murna ba ce. Tausayin matar nan ne, kuma shi ne abu na farko da na ji tun ranar da aka kira maigidana a waya. Wani ɗan kabu-kabu ya tsaya da babur ɗinsa yana tambaya ko gida zan je. Na ce masa ya wuce, da ƙafa za mu koma.