Akushin Kaka a Bangon Otal

Ranar Juma'ar ƙarshe ta watan Sha'aban, shekarar da na shiga aji uku, Kaka ta fito da rana za ta zuba tuwo ta tarar babu akushinta. Ina tsakar gida ina wasan 'yar carafke da ƙannena. Ba ta yi faɗa ba, sai dai ta yi ta ɗaga kwanduna tana leƙawa.

Mahaifina dillalin kayan gargajiya ne, yana baza haja a ƙofar tsohon otal ɗin nan na kan tudu, wanda muke hango fitilunsa daga Sabo, unguwarmu ta Hausawa a Kudu. Turawa ba sa son sabon abu, shi ya sa yakan sayo sababbin akusa daga Arewa ya raba mana mu yi ta cin tuwo a ciki, har miyar kuka da manja su ratsa icen, bakin ya gwagguje, sannan ya kwashe ya kai. Ya kan ce, "Ku ci da kyau, aiki kuke yi mini." Ni ke wanke su da toka a bakin famfo kafin makarantar allo. Ba mu taɓa shaƙuwa da ko ɗaya ba, don mun san duk baƙi ne. Na Kaka kaɗai ne ɗan gida. Da shi ta shigo jirgin ƙasa tana amarya, na uwarta ne, kuma yana da tsaga a gefe da aka ɗinke da waya.

A makon ne otal ya nemi akusa da yawa don ƙawata ɗakin cin abinci. Baba ya tattara duk abin da ya gani a kife yana shan iska, har da nata, bai lura ba. Da ya gane, ko sallar La'asar bai jira ba ya hau tudun da ƙafa. Ya tarar an riga an huda gindin kowanne da ƙusa an kafe a bango. Ya dawo ya durƙusa a gabanta. Ta ce, "Tashi, Sani. Abin da aka huda ba ya riƙe miya. A bar musu."

Aka saya mata kwanon samira mai fure. Ta ce tuwo na saurin hucewa a ciki, loma biyu take yi ta ture. Ta rasu kafin azumin shekarar da ta biyo baya.

Yanzu ni ma dillali ne, kuma nakan kai abokan ciniki wannan ɗaki. Ana kawo abinci kaɗan a tsakiyar faffaɗan faranti, da cokula a jere. Akushin yana nan, an haska shi da fitila, wayar ta yi tsatsa. Na taɓa taya shi, manajan ya ce kayan tarihi ne, ba na sayarwa ba. Na san ciniki, na san lokacin da ake haƙura. Sai dai kullum nakan zaɓi kujerar da ta ba bangon baya.