Ƙyallen Inna a Gonar Tuffa

Mun tashi da asuba ranar Asabar daga unguwarmu ta Mount Hope a Bronx, kuma abin da ya fara ɗaukar idona ganye ne guda ɗaya, ruwan ɗorawa, manne a gilashin motar. Na cire shi na saka a jaka. Ni da na tashi da karatun littattafan soyayya na bakin kasuwa, ganye ɗaya ya ishe ni in gina labari, har da saurayin da zai miƙo mini shi.

Ba mu shirya tafiyar ba. Ranar Juma'a da la'asar ƙawata, 'yar Maraɗi da muke aikin kula da tsofaffi tare, ta kira ni tana kuka. Mahaifiyarta, wadda duk muke kira Inna, ta ɗaure kayanta. An kawo ta New York ne bayan ta fita takaba, don a duba mata ciwon zuciya, likita kuma ya ce sai ta ƙara wata shida ana lura da ita. Inna ta ce ƙarshen wata za ta koma gida, da magani ko babu. Wata huɗu ta yi a hawa na shida, ba ta ganin komai sai bangon bulo da jirgin ƙasa. Abinci ma sai an yi da gaske. Mijin ƙawata, direban tasi ne, ya ce a fita da ita ta ga ƙasa, ko zuciyarta ta yi sanyi. Ni aka ɗauka ’yar rakiya, saboda shi da Inna surukai ne, ba sa haɗa ido balle doguwar magana.

Mun haye babbar gadar kogin Hudson gari bai gama wayewa ba. Direbanmu ya ce fita kyauta ce, a dawowa ake biya, haka birnin yake, ba ya riƙe mai tafiya. Muka sha mai a New Jersey inda ya fi araha, kuma ba ka sauka, ma’aikaci ne ke zuba maka kamar a gida. Daga nan hanya ta miƙe arewa, sumul, babu babbar mota ko ɗaya. Ƙawata ta buɗe kular dambu da zogale, ga shayi a fulas. Inna ta karɓi shayin kawai.

Rana na fitowa duwatsu suka bayyana. Watan Oktoba ne, dajin duk ya rine: ja, ruwan goro, ruwan ɗorawa, tun daga bakin titi har inda ido ya tsaya. Na manna goshi a gilashi. A raina har na sa doguwar riga ina tafiya cikin ganyayen nan, wani yana biye da ni da kalamai. A Bear Mountain muka fara tsayawa, a wani wuri da ake hango kogin a ƙasa kamar an shimfiɗa zare. Turawa sun cika wurin da kyamarori da karnuka. Ina cikin ɗaukar hoto na waiwaya, sai na ga Inna ta dafa ƙarfen da aka kange bakin dutsen da shi, hawaye na bin fuskarta.

“Inna, jikin ne?” in ji ƙawata.

“Ɗiyata, mi ya samu itacen garin nan? Duk sun mutu. Kuma mutane na dariya.”

Na kusa yin murmushi, Allah ya taimake ni na haɗiye. Mu duka mun manta cewa ba ta taɓa ganin kakar ƙasar nan ba. A inda ta fito, idan daji ya yi wannan launi gaba ɗaya, abu ɗaya yake nufi.

Direbanmu ya kalli ƙasa ya ce wa matarsa, “Gaya wa Inna haka suke yi kowace shekara. Suna dawowa.”

Inna ta ce wa ’yarta, “Gaya mishi na gode. Haka aka ce muna wancan karon.”

A mota ta ba mu labarin wancan karon, idonta a kan hanya. Tana amarya aka yi babban fari. Itatuwa suka yi ja, suka zubar da ganye, shanu suka bi bayansu. Manya suna cewa a yi haƙuri, ruwa na tafe. Da ruwa bai zo ba suka kama hanyar kudu a ƙafa, tana goye da ɗanta na fari. A kwana na tara ta sauke shi ta ga ba ya motsi. A gindin wata bishiya marar ganye aka rufe shi. Ƙawata ta juyo daga kujerar gaba ta zuba wa Inna ido. Shekararta talatin da biyar ba ta san tana da wa ba.

Ganyen da ke jakata ya yi mini nauyi.

Bayan azahar muka isa duwatsun Catskill, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse mai tsawon bene da yawa. Hanyar ƙafa ce, muka riƙa tafiya a hankali muna hutawa saboda Inna. Ƙarar ruwan ta riga ganinsa zuwa. Inna ta tsuguna a gefen rafin da ke gangarowa, ta yi alwala da ruwan mai sanyin ƙanƙara, ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Sannan ta ce, “Ga ruwa har ya yi yawa, itace kuma na mutuwa. To wannan ba fari ba ne. Ban san mi ne ba.” Muka yi sallar ƙasaru a kan wani faffaɗan dutse. Masaukin da muka samu a wani ƙaramin gari ɗaki biyu ne masu warin tsohon kafet, kuma mai wurin ya yi ta mamakin butar da muka zo da ita.

Da safiyar Lahadi, a hanyar dawowa, muka ga allon wata gonar tuffa inda ake sayen jaka dala ashirin mutum ya tsinka da kansa. Inna ba ta tsinki ko ɗaya a sama ba. Waɗanda suka faɗi ƙasa take tsinta tana gogewa da zani, tana faɗan almubazzarancin mutanen ƙasar. A ƙarshen layi akwai wata tsohuwar bishiya da ta riga sauran tsiraita, babu ganye ko na rantsuwa. Inna ta tsaya a gabanta. Ta kama reshe, ta kankare ɓawon da farcen babban yatsa, yadda manoma ke yi. Cikin kore ne shar, da danshi.

Ta kankare wani reshen. Shi ma haka.

“Ashe gawo ne,” ta ce a hankali. “Akwai guda a gonar babanku. Da damina, kowa na kore, shi sai ya tuɓe. Baƙo ya ce ya mutu.”

Mai gonar, wata farar tsohuwa sa’ar Inna, ta matso. Inna ta sa na tambaye ta yaushe bishiyar za ta yi ganye. Ta ce sai watan Mayu, kuma har da fure za ta yi. Inna ta yage bakin kallabinta, ta nuna wa matar, matar ta gyaɗa kai, sannan Inna ta ɗaure ƙyallen a reshen ƙulli biyu.

“Ba na ɗaukar zancen kowa,” ta ce. “Sai na gani da idona.”

Na ƙirga watannin a raina: bakwai. Ƙawata ta ƙirga ita ma, na ga leɓenta na motsi. Direbanmu ya juya baya yana gyaran jakar tuffa da ba ta bukatar gyara. A mota Inna ta ce a miƙo mata sauran dambun jiya.

Mun shigo Bronx da magariba, muka biya kuɗin gada, hayaniyar babban titin Grand Concourse ta tarbe mu. Na tafi neman wurin da ya dace da mafarkina, na dawo da sanin cewa ba a gane mai rai daga nesa. Sai an matso, an taɓa.

Inna ta kwance kayanta. Ta sha sanyin hunturu tana mita, ta gama maganinta. A watan Mayu muka koma gonar, muka tarar da ƙyallen ya koɗe, reshen kuma ya cika da farin fure. Ta kwance shi ta ƙulle a bakin zaninta, ta ce yanzu a saya mata tikiti.

Ta yi shekara huɗu a gida bayan haka, har ta ga jikoki biyu da aka kai mata. Da daminar bana ta rasu. Ƙawata ta je gida zaman makoki, ta turo mini hoton gonar babansu: gero ya kai ƙirji, ko’ina kore, gawon yana tsaye a tsakiya babu ganye. A reshensa na ƙasa akwai wani koɗaɗɗen ƙyalle, ƙulli biyu. Allah ya jiƙan Inna.