Ranar da Saje Ya Cire Takalmi a Hausari

Shekarun baya, baya ƙwarai, lokacin Turawa sun fara ɗaure kaya amma ba su kai ga tafiya ba, ina malamin elementare a nan Maiduguri, muna zaune da mahaifiyata a Hausari. A shekarar aka yi wani rikicin siyasa a bakin Kasuwar Litinin. Taro ne ya rikiɗe ya koma jifa, 'yan doka suka shigo da kulake, gari ya kaure. Ni ma ina wurin. Na so in ce muku na tsaya na yi wani abin jarumta, amma gaskiya gudu na yi, irin wanda ban taɓa koya wa ɗalibaina a filin wasa ba, har na bar takalmina ƙafa ɗaya a can.

Wani abokina kuwa bai gudu ba. Tela ne, ya tsaya rufe shagonsa, kulki ya same shi a ƙeya. Kwana biyu ya yi yana jinya, ya cika.

Daga ranar unguwa ta yi tsit. In ɗan doka ya ratso layi, sai masu shaguna su tuna ba su yi alwala ba, kowa ya shige ciki. Kullum sai an ji an kama wane. Ni kuwa takalmin nan ya hana ni sakat, don na karanta littattafai da dama, na san an sha gano mai laifi da abin da bai kai takalmi ba. Mahaifiyata ta gaji da ni, ta jefa ɗaya ƙafar a murhu, ta ce, "Kai dai boko ya ninka maka tsoro, ga na mutane ga na takarda."

Ranar addu'ar bakwai, da hantsi, ina rubuta wa yara aiki a allo don in samu in je, sai na ji ƙusoshin takalmi a baranda. Saje ne, wani dogon Babarbare da na taɓa koya wa karatu a ajin yaƙi da jahilci. Kowa ya san shi ya jagoranci 'yan doka ranar kasuwa. Alli ya karye a hannuna.

"Wushe, Malam," ya gaishe ni da Barbarci.

"Wushe, ranka ya daɗe," na ce wa mutumin da na sha yi wa tsawa a kan riƙon fensir.

"Zo ka raka ni."

"Ofis?"

"Gidan tela. Gaisuwa za ni."

Da ofis ɗin ya ce, da na fi samun natsuwa. Na gaya masa ƙanin mamacin maƙeri ne, kuma ya yi rantsuwa a maƙabarta a gaban jama'a cewa sai ya ɗau fansa. Na ce samarin unguwa duk suna can. Ya ce ya sani. Ya zare kulkinsa, ya buɗe kabad ɗin da nake ajiye alli, ya sa shi ciki.

"Ba wanda ya aiko ni, Malam. In na je ni kaɗai za a ce kame na zo. In da kai ne, za a ce gaisuwa."

"Ko a ce ni na kawo ka."

"Ai kai ka kawo ni," in ji shi, ya yi gaba.

Ban taɓa sanin Hausari na da nisa haka ba. Muna tafe ƙofofi na rufewa a gabanmu. Mahaifiyata ta hango mu daga zaure, ta ɗora hannu a ka.

"Inna, ba kama ni aka yi ba!"

"To wa ya kama wa?"

Na sunkuyar da kai na wuce.

An shimfiɗa tabarmi a gindin dalbejiyar ƙofar gidan, mutane sun cika. Limamin unguwa na tsakiyar addu'a ya ɗago kai, ya katse ta. Ƙanin mamacin ya miƙe. Samari suka miƙe a bayansa. Na duba layin da muka fito, na ga an riga an tare shi. Mahaifin abokina, wani tsohon Bakano, yana zaune da sandarsa a cinya, bai ko kalle mu ba.

Saje ya yi sallama. Ba a amsa ba.

Sai ya tsaya a bakin tabarma, yana duban ƙafafunsa. Ba a hawa tabarmar makoki da takalmi, kowa ya san wannan. Amma nasa ba irin namu ba ne da ake zamewa da yatsa. Akwai wani dogon ƙyallen ulu da suke naɗewa daga idon sawu har gwiwa, sai an warware shi kafin a kai ga igiyar takalmin. Don haka ya zauna a ƙasa, cikin rana, ya sunkuyar da kai, ya fara warwara. Ƙeyarsa a buɗe, taku biyu tsakaninta da maƙerin.

Jama'a, na sha zaman jarrabawa, ban taɓa ganin lokaci ya ƙi tafiya irin na ranar ba. Ƙyallen nan kamar ba shi da ƙarshe. Yana warwara yana naɗe shi a hannu a tsanake, ya gama ƙafa ɗaya ya koma ɗayar. Ni ina tsaye ina kallon hannun maƙerin, ina karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Da takalmin ya fita, sai ga safa ta huje, babban yatsa a waje. Wani daga baya ya yi ƙaramin tari, irin na mai danne dariya.

Saje ya hau tabarma, ya durƙusa gaban tsohon. "Baba, yaya haƙuri?"

Maƙerin ne ya amsa. "Ka zo ka ƙirga mu ne, ka ga saura nawa?"

Saje bai juya ba. Da Hausarsa mai nauyin Barbarci ya ce, "Baba, ban san kulkin wa ya same shi ba. Amma ni na ce a shiga. Shi na zo in faɗa."

Tsohon ya ɗago kai ya dube shi. Can ya dogara sanda ya miƙe, ya nufi inda takalman suke. Na ce a raina shi ke nan, in ya cilla su kwata, samarin nan sun sami izini. Ya sunkuya da ƙyar, ya ɗauke su daga rana, ya kai su inuwa, ya jera su cikin takalman mutane. Ya dawo ya zauna.

"Zauna," ya ce wa ɗansa. Sannan ya dubi Saje. "Ban ce na yafe ba. Amma wanda ya zo gaisuwa ƙofata ba zai koma da ƙafa a ƙone ba. Liman, ci gaba."

Aka shafa fatiha da shi a cikinmu. Maƙerin bai ba shi hannu ba, amma da muka tashi, shi ya ce wa samarin su ba da hanya.

A hanyar komawa Saje ya ce, "Malam, akwai wani takalmi ƙafa ɗaya a ofis, kamar na taɓa ganinsa a aji." Na ce ban san shi ba. Ya ce shi ma haka ya rubuta.

Ba zan ce muku unguwa ta shirya da 'yan doka a ranar ba. An daɗe ana hararar juna. Amma masu shaguna sun rage yawan alwala, kuma daga baya an fara amsa wa Saje sallama. Na halarci tarukan sulhu da yawa a rayuwata, masu jawabi da tafi, ban ga wanda ya kai zaman mutumin nan a ƙasa da ƙeya a buɗe ba. Har yau, da tsufana, in na je gaisuwa na ga takalmin wani a rana, ba na tambayar na wane ne. Sai in mayar da shi inuwa.