Da Bakina Na Cire Wa Saje Igiya

Gaisuwa ga edita da masu karatu. A lokacin da abin da zan faɗa ya faru ina ɗan shekara ashirin da uku, farabitin soja marar ko igiya ɗaya, kakina kullum a goge, kaina kuma babu komai a ciki sai son a ganni. Haifaffen Potiskum ne ni, iyayenmu 'yan kasuwa ne da asalinsu ya fito daga Borno. Da na gama horo sai Allah ya sa aka turo mu gida, aka ajiye mu a wani shinge kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, saboda 'yan fashi da suka addabi direbobi a shekarun. Ka ga yaro da bindiga a garinsu, ai sai abin da Allah ya yi. Kafin shekara ta zagayo na riga na yi laifi biyu da aka rubuta a fayil ɗina, ɗaya na makara bayan hutu, ɗaya na dambe da wani kwandasta. Manjon da ke shugabantarmu ya faɗa mini ƙarara cewa na uku shi ne na kora.

Mu bakwai ne a shingen, ƙarƙashin wani saje mai igiya uku, Bakare a ƙabila, mutumin Danchuwa, wanda ya kusa haifata. Mutum ne marar hayaniya, Hausarsa da ɗan nauyin harshen gida, har mukan kwaikwaye shi idan ya ba da baya. Yana da 'yar gona a garinsu, kuma ranar da ba mu da aiki wasunmu kan bi shi gayya da son ranmu, mu yi noma mu sha fura mu dawo. Kowa a bariki ya san da wannan. Mahaifina ma ya san shi, don ya taɓa zuwa har shingen ya riƙe hannunsa ya ce ga amanar ɗansa nan, yaro ne mai rawar kai.

A daminar wannan shekara ina neman wata yarinya a Mamudo. Wata rana bayan azahar saƙo ya iske ni a bakin aiki cewa wani dillalin shanu ya tura manyansa wurin mahaifinta, kuma a ranar za a ba su amsa. Hankalina ya tashi. Na san idan na nemi izini ba za a ba ni ba, sai na ce wa abokin tsayuwata zan kewaya, na bar masa bindigata, na tare ɗan acaɓa na nufi Mamudo. Na samu kawun yarinyar, na durƙusa na yi ta magiya har ya ce zai yi magana a dakata. Na juyo ina murna, takalmina duk taɓo, ban san Manjo ya zo duba shinge ya ƙirga mutum shida ba. Ina sauka daga babur na hango motarsa. Ya tambaye ni daga ina, ni kuwa ba abin da ke yawo a kaina sai kora da fuskar mahaifina. Sai na ji bakina yana cewa Saje ne ya aike ni Danchuwa in kai wa ƙannensa taki a gona. Manjo ya dubi taɓon da ke ƙafata, ya juya ya dubi Saje. Wallahi ban shirya wannan ƙarya ba, amma ta zauna daram saboda kowa ya san zancen gonar.

Bayan kwana biyu aka kai mu oda, wato zaman hukunci a gaban babban hafsa. Aka shigar da Saje babu hula babu bel, ni kuma aka kira ni shaida, na maimaita ƙaryata ban ko yi tuntuɓen harshe ba. Sau uku Manjo yana tambayarsa ko gaskiya ne ya aiki soja mai gadi hidimar gonarsa. Shi kuwa idonsa na kan bango, amsarsa ɗaya ce, cewa duk abin da ya faru a shingensa shi ke da alhakinsa. Da aka tambaye shi ko ya karɓi hukunci ya ce ya karɓa. Nan take samanja ya sa reza ya farke masa igiya ɗaya daga hannun riga, ya koma kofur. Ni aka ba ni kwana bakwai a gadurum, kurkukun bariki, aka ce umarni na bi. Da na fito muka haɗu a bakin famfo, na rasa inda zan sa fuskata. Abin da kawai ya tambaye ni shi ne ko an ba ni yarinyar. Na ce an ba ni. Ya ce to Allah ya sa albarka, ya ɗauki bokitinsa ya wuce.

Ba a jima ba aka yi mini canjin wurin aiki, na tafi da amaryata, na ce wa zuciyata ai igiya ɗaya ce, zai mayar da ita. Haka na yi ta lallashin kaina shekara goma sha bakwai. Ni da na yi laifin na riƙa hawa, har na kai sitaf saje kafin harbin da aka yi mini a cinya ya sa aka sallame ni. Na dawo Potiskum na buɗe shagon kayan keke napep, mutane na girmama ni, ana ce mini Oga Soja. Ban nemi gidansa ba, ban tambayi labarinsa ba. Idan na ji an ambaci Danchuwa a hira sai in sauya magana.

A wani taron tsofaffin sojoji na sake ganinsa. Al'adarmu ce ko bayan ritaya a zauna bisa muƙami, manya a gaba, ƙanana a baya. Ina shiga na gan shi a layin kofur-kofur, ya tsufa, gemu fari fat. Ashe tun daga wannan hukunci ba a sake ƙara masa girma ba, duk lokacin da aka zo tantancewa sai a ci karo da tabon da ke fayil ɗinsa, har ya yi ritaya da igiya biyu. Yana ganina ya miƙe ya ƙame ya sara mini, kamar yadda ƙa'ida ta ce ƙarami ya yi wa babba. Babu gatse a ciki, da gaske yake. Na amsa masa, na je na zauna a gabansa, na ba shi ƙeya har aka tashi. Ban ji ko kalma ɗaya daga abin da aka tattauna ba a ranar.

Bayan mako biyu babbar 'yarsa, malamar makaranta, ta zo shagona. Ta gaishe ni da ladabi tana ce mini Kawu. Ta ce a akwatin mahaifinta ta ga takardar hukuncin, ta ga sunana a matsayin shaida. Abin da ya tayar da ita shi ne, mutanen unguwarsu sun so su ba shi shugabancin kwamitin tsaro, sai wani ya miƙe a bainar jama'a ya ce ba za a ba wanda ya mai da sojan gwamnati ɗan ƙwadagon gonarsa ba, ai shi ya sa aka cire masa igiya. Tun ranar tsohon ya daina zama a majalisa, daga masallaci sai gida. Ta ce ba ta yarda mahaifinta ya aikata ba, shi kuma ya ƙi cewa komai. Ta yi bincike, ta gano akwai hanyar neman a gyara fayil a mayar masa da muƙaminsa. Har ta gano Manjon nan, ya yi ritaya yana kanar, yana jinya a Gombe. Ya gaya mata cewa tun a lokacin zuciyarsa ba ta kwanta da shari'ar ba, kuma zai sa hannu a takardar goyon baya, amma sai shaidan ya fara zuwa kotu ya yi rantsuwa a kan abin da ya sani. Ta ce ita ba ta zarge ni da komai ba, gaskiya kawai take nema, in taimake ta don Allah.

A nan ne na yi kuskuren da ya fi na farko muni, don na farko yaro ne ya yi shi cikin firgita, wannan kuwa magidanci ne mai furfura ya yi shi da hankalinsa. Na ce mata babu damuwa, ta bari sai bayan sallah. Bayan sallah na ce ƙafata ta tashi. Da ƙafa ta lafa na ce sai an gama girbi. Ina tsoron a ce Oga Soja maƙaryaci ne, ina tsoron a taɓa nawa fayil ɗin, ina tsoron 'ya'yana su ji. Idan na ga lambarta sai in kife wayar. Sau biyu tana zuwa shago ina fita ta baya kamar ɓarawon kaza. Ta taɓa aiko mini da saƙo cewa jikin Kanar ya yi tsanani, na karanta na ce a raina ai ciwon manya haka yake, yau kwance gobe zaune. Haka na ja yarinyar nan wata goma sha huɗu.

Matata ce ta ƙure ni. Ta ga na rame, ba na cin abinci, ta tsare ni da tambaya har na kwashe komai na gaya mata, tun daga acaɓan da na hau zuwa Mamudo. Ta ce ashe duk shekarun nan aurenta a kan wuyan bawan Allah yake zaune ba ta sani ba. Ta ce in ban je kotu da safe ba, ita za ta yafa mayafi ta tafi Danchuwa ta faɗa da bakinta. Washegari na yi alwala na je, na dafa Alƙur'ani, na rubuta gaskiya tiryan-tiryan, aka buga hatimi. Na ɗauki takardar na kai wa malamar har makarantarsu, ina jin kamar an sauke mini dutse. Ta karanta a tsaye har ƙarshe, ta naɗe. Ba ta ce mini Kawu ba a ranar. Ta ce an yi jana'izar Kanar mako bakwai da suka wuce, kuma ta kira ni a ranar ban ɗauka ba.

Duk da haka mun tura takardun hedikwatar soja. Amsar da ta dawo ba ta zalunci kowa ba. An ce wanda aka hukunta ya karɓi hukunci da bakinsa kuma bai yi ƙorafi a kan lokaci ba, sannan shaidan da ya juya maganarsa bayan shekaru masu yawa ba zai isa shi kaɗai ba, sai an samu hafsan da ya yanke hukuncin ko wani da ya halarci zaman. Samanja ya daɗe da rasuwa. Abokin tsayuwata da na bar wa bindiga har yau ban san inda yake ba. An dai ce fayil a buɗe yake idan an samu ƙarin hujja.

Na je Danchuwa na same shi a gona yana cirar gyaɗa. Na durƙusa a cikin kunya ina kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ce in tashi, ƙafata ba lafiya. Ya ce tun a ranar ya san Mamudo na tafi, ya yi shiru ne don ya san laifina biyu, kuma mahaifina ya ba shi amana, in an kore ni ina zan nufa. Ya ce shi dai ya zaci bayan ƙura ta lafa zan zo in same shi mu san yadda za a gyara. Ya jira mako guda, ya jira wata, ya jira shekara, daga nan ya bar wa Allah. Ya ce ya yafe mini duniya da lahira, abin da ke damunsa kawai jikokinsa, da ake yi musu gori a makaranta. Da zan tafi ya cika mini buhu da gyaɗa ya ce in kai wa matata. Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Abin da na koya shi ne, ƙaryar minti ɗaya idan ta shiga takarda ta fi mai yin ta tsawon rai. Kuma yafiyar mutum daban, gyaran sunansa daban. Saje ya yafe mini, amma yafiyarsa ba ta goge komai a fayil ba, ba ta kuma rufe bakin 'yan unguwa ba. Ina kira ga matasan da ke cikin kaki, da duk wanda wani babba ya taɓa rufa wa asiri da nasa mutuncin, kada ku ɗauki shirunsa a matsayin an gama. Idan akwai gaskiyar wani a bakinka, ka fito da ita yau tun masu iya sa hannu suna numfashi. Ni na ce gobe, goben ta zo ta tarar da kabari.

Yanzu duk bayan wata uku ni nake rubuta wasiƙar tuni, in haɗa da duk abin da na samu in tura. Ta farko da na rubuta an dawo mini da ita, saboda a saman takarda na sa masa Saje. Magatakardan ofishin ya yi mini bayani cikin mutunci cewa doka ce a rubuta muƙamin da ke cikin fayil, in ba haka ba wasiƙar ba za ta shiga ba. Saboda haka duk lokacin da na zauna neman a mayar masa da igiyarsa, kalmar farko da nake rubutawa da hannuna a gaban sunansa ita ce Kofur.