Turakun Jumare

Jumare bai taɓa mallakar jaki ba. Da wannan mutanen Azare suka fi tsokanarsa, domin kuwa ba a yi mutumin da jakunan ƙasar nan suka sani kamarsa ba. Aikinsa tsaron turke ne a bakin kasuwa ta gabas. Duk wanda ya ɗauro gero ko gyaɗa daga ƙauye, in ya sauke kaya, sai ya miƙa wa Jumare igiya ya shige kasuwa hankali kwance. Da la'asar ya dawo ya tarar an shayar da dabbarsa, an kuma raba ta da abokin faɗanta. Abin da aka ba Jumare shi yake karɓa, ko dunƙulen fura, ko tafin gero. Masu biya da addu'a ma ba ya raina su, sai dai matarsa Kande takan ce ita har yau ba ta ga addu'ar da ta tuƙu a tukunya ba.

Asalinsa Bafillacen daji ne daga wajen Katagum. Yana saurayi annoba ta share garken mahaifinsu, tsohon kuma bai daɗe a bayan shanunsa ba. Aka bar Jumare da yayarsa Zuliha, wadda yake kira Adda. Ita ta auri wani makiyayi a wata ruga da ke kan hanyar Itas. Shi kuwa ya gangaro Azare lokacin da gari ke cika, bayan sarauta ta dawo nan. Ya gwada ciniki, kunya ta hana shi. In mai saye ya ce kaya sun yi tsada, sai Jumare ya yarda da shi. Da Sarkin Kasuwa ya ga yaron ba ya iya magana da mutane amma jaki na saurarensa, sai ya nuna masa fili a gindin wata tsamiya ya ce ya kafa turaku.

Ta tsakiyar filin nan wata 'yar hanya ta ratsa, wadda ƙafa ce ta yi ta, ba fartanya ba. Ta nan masu tallan nono ke shigowa kasuwa da hantsi, a jere, Zuliha a cikinsu. Wanda bai taɓa lura ba ba zai gane ba, amma macen da ta ɗora ƙwarya kan ƙwarya ba ta juya wuya. Gabanta kawai take gani. Kuma Bafillatana ba ta gudu a bainar jama'a, ko da me ya biyo ta. Jumare ya san haka, shi ya sa ya tsara filinsa don su. Jaki da ƙafar baya yake harbi, don haka ya ɗaure jakuna fuskarsu na kallon hanya. Takarkari da ƙaho yake tunkuyi, don haka ya juya su suka ba hanya baya. Ko yarinyar da ta fara talla jiya ta san dokar: jaki ta gaba, sa ta baya. Shekaru suka yi ta tafiya ba a zubar da ko ludayi guda a filin Jumare ba.

Bayan yaƙin Turawa na biyu gyaɗa ta yi daraja, bakin kasuwa ya fara sauya kama. Wani kamfani ya gina kanti mai rufin kwano ya rataya sikeli a ƙofa. Wani ya gina a gefensa, ya jera atamfa da gishiri da kananzir. Tela ya zo da kekensa, mai shayi ya kafa benci. Inda da sai kukan jaki, yanzu har da garmaho. Sannan motoci suka fara zuwa ɗaukar buhuna. Da yake duk wajen ba inuwa sai ta tsamiyar Jumare, nan suka zaɓa.

Direban da ya fara tsayawa sunansa Ɗanladi, Bakano ne, mai fara'a da son a kalle shi. Yana kashe mota Jumare ya taso da igiya a hannu, yana neman inda zai ɗaura. Ɗanladi ya yi dariya har da riƙe ciki. Amma da aka ciro wani guntun katako aka cusa a gindin taya, sai Jumare ya gyaɗa kai ya koma ya zauna. Ashe dai ita ma ana yi mata dabaibayi.

Masu nono ne ba su yi dariya ba. Da suka iso suka ga abin ya tare rabin hanya, sai suka ja suka tsaya a rana. Zuliha, da yake ita ce babbarsu, ta aika a kira ƙanenta, ta tambaye shi wannan ta ina ake bin ta, ta gaba ko ta baya.

Jumare ya ce bari ya duba. Ya zagaya motar a hankali, kamar mai tayen saniya. A gaba ya ga idanu biyu, ya ji zafi na tashi, ga wani ƙarfe ya fito kamar ƙaho, kuma ta nan take ruri. A baya bai ga komai ba sai katako, ba ƙafar harbi, ba ko wutsiya. Ya dawo ya ce jinsin takarkari ce, a bi ta bayanta. Matan suka bi, ba abin da ya same su. Haka aka yi ta yi har kakar ta wuce, domin a lokacin mota in ta gama lodi zagaya tsamiya take yi ta fita da gabanta. Jumare bai taɓa ganin ta yi wata tafiya ba wannan ba, bai kuma zo masa a rai ya tambaya ba.

Da wata kakar ta zagayo, aka gina sabon kanti daidai inda motoci ke zagayawa. Ranar kasuwar da ta biyo, Ɗanladi ya gama lodi da hantsi, ya duba gaba ya ga bango. Ya danna ƙaho, ya sake dannawa, sannan ya ja da baya. Matan sun ji ƙahon sarai. Sai dai a saninsu, in ta yi kuka gaba za ta, su kuwa ga su a baya, inda aka ce musu lafiya. Zuliha ce a kan gaba.

Jumare na can yana raba jakuna biyu ya ji salati. Ko da ya iso, nono ya malale a yashi, Adda na kwance a gefe guda. Ba ta yi kuka ba. Ta ce wa wata ta gyara mata zane, sannan ta tambaya ko ƙwaryar da ta fashe tata ce ko ta maƙwabciyarta da ta ba ta saƙo. Ɗanladi ya durƙusa yana hawaye yana rantsuwa ya yi ƙaho, kuma gaskiya ya faɗa. Aka kira maɗori, ya yi abin da zai iya. Ƙugu ne ya karye, ga shekaru sun ja. Aka mayar da ita ruga a kan amalanke, daga ranar ba ta sake taka ƙasar kasuwa ba.

Masu nono suka daina bin filin. Wasu suka riƙa zagayawa ta bayan mahauta, hanya mai nisa, ga ƙudaje ga karnuka, kafin su iso nono ya fara tsami. Wasu suka zauna can bayan gari a rana suna jiran mai saye. Ba wadda ta faɗa wa Jumare baƙar magana. Gaishe shi ma suna yi, daga nesa, abin da ya fi masa zagi ciwo.

Ya ɗauki lokaci kafin ya iya zuwa rugar. Ya same ta a kishingiɗe a ƙofar bukka tana gyaran faifai. Ya tsuguna nesa kaɗan, ya yi gaisuwa ya ƙara gaisuwa, har ya rasa abin da zai tambayi lafiyarsa. Ita ce ta katse shi.

"Kai da ko jaki ba ka da shi, wa ya aike ka yi wa mota fatawa?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ce ya ɗago, ba ta kira shi don shari'a ba, abin da Allah ya rubuta ya riga ya faru. Amma shanu ba su san an karye ba, kullum sai an tatsa. Ta nuna 'yarta Dijatu da ke wanke ƙorai a gefe.

"Ran kasuwa ita za ta ɗauka. Ta ina zan ce mata ta bi?"

Jumare ya yi mata sallama ya tashi. Har ya dawo gida tambayar na ransa.

Washegari ya tumɓuke rabin turakunsa ya kafa su layi biyu, tun daga bakin fili har ƙofar kasuwa, faɗin yadda mace mai ƙwarya za ta wuce wata ba su gogi juna ba. Jakunan da suka rasa turke ya haɗa su bibbiyu, suka wuni suna cizon juna. Motoci kuma da suka zo juyawa suka karya masa wasu turakun. Ya sake sassaƙa ya kafa. Akawun sabon kanti ya ce itatuwan nan na hana 'yan dako wucewa da buhu, ya sa aka cire. Da asuba Jumare ya mayar. Aka yi ta haka, ana cirewa yana mayarwa, ba wanda ya ɗaga wa wani murya, har magana ta kai ga Sarkin Kasuwa.

Wannan ba wanda ya ba shi filin ba ne, ɗansa ne, amma ya taso ya ga Jumare a gindin tsamiya, Baffa yake ce masa. Ya zo ya taka filin daga wannan gefe zuwa wancan, ya saurari akawu, ya saurari Ɗanladi. Sannan ya ja Jumare gefe ya faɗa masa gaskiya. Motoci ba inda za su, hukuma na son gyaɗa ta fita. Mota kuma sai da wurin juyawa. Ko dai ta juya ta kan hanya, a toshe hanyar gaba ɗaya mata su ci gaba da bin bayan mahauta, jakuna su zauna inda suke. Ko kuwa ta juya ta inda jakuna suke, a bar hanya, a mayar da turke can gonar Bappayo a bayan gari. Bappayo kuwa yana da 'ya'ya maza, ba ya bukatar mai tsaro. Sarkin Kasuwa ya ce shi a ganinsa Baffa ya riƙe abincinsa, ba wanda zai ga laifinsa. Ya je ya kwana da maganar.

Jumare ya faɗa wa Kande. Ta ce ita dai ta san tun da aka kawo ta gidan nan jaki ke ciyar da su, shi kuma ya wuce shekarun koyon wata sana'a. Ta tashi ta ɗora ruwa. Daga bakin murhu, ba ta juyo ba, ta tambaya ko Dijatu ta kai tsayin uwarta yanzu.

Da safe ya sami Sarkin Kasuwa a zaure, Ɗanladi na nan ya zo gaisuwa.

Jumare ya ce, "Ranka ya daɗe, a kai jakunan."

Sarkin Kasuwa ya tambaye shi ko ya yi tunanin abin da zai ci. Ya ce ya yi, bai samo ba. Abu ɗaya yake roƙo: duk motar da za ta tsaya, ta tsaya fuskarta na kallon hanya, direba na ganin mai wucewa, in za ta ja da baya ta ja can inda ba kowa. Ɗanladi ya ce wannan ya ɗauka a wuyansa, direban da ya ƙi shi da shi ne. Ya ƙara da cewa ashe dai a ƙarshe an mayar da su jakuna. Jumare ya ce ba a mayar da su ba, jaki yana jin magana.

Abin da ba wanda ya tuna shi ne a sanar da jakunan. Ranar kasuwa masu su suka sauke kaya, suka kama hanyar gonar Bappayo, dabbobi suka turje. Wani tsohon jaki na Hammawa mai gero ya fizge igiya, ya ratso tsakanin motoci, ya zo daidai inda ya saba tsayawa ya miƙa wa Jumare wuya. Jumare ya ce masa ya tafi. Bai tafi ba. Ya tura shi da kafaɗa, jakin ya ɗauka susa ce ya ƙara matsowa. Sai da ya ɗaga sanda, abin da bai taɓa yi wa dabbar wani ba, sannan jakin ya juya yana waiwaye. Mai shayi da ke shirin yin dariya ya dubi fuskar tsohon ya fasa.

Rana ta ɗan ɗaga masu nono suka ɓullo. Suka tsaya a bakin fili suna duban turaku, ga motoci a jere sun zuba musu ido. Ba wadda ta motsa. Jumare ya je ya tsaya a tsakiyar hanyar, hannu ba igiya, bai san inda zai sa shi ba. Dijatu ce ta fara takowa, ƙorai uku a ka, wuya a miƙe. Da ta zo daidai shi, ba ta juyo ba, ta ce, "Kawu, ka ba ni hanya."

Ya matsa gefe, ta wuce, sauran suka biyo ta.

Ya rayu shekaru kaɗan bayan nan. Ba a naɗa shi komai ba, ba wanda ya ce ya riƙa zuwa. Kullum dai yana gindin tsamiya da guduma, in turke ya karkace ya miƙar da shi, in mai tebur ya turo kayansa cikin layi ya tsaya a kansa shiru har ya janye. Kande ta koma sayar da ƙuli-ƙuli a ƙofar gida, da shi suka ƙarasa.