Ruwan Zogalar Yaya Dije

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayata Dije a Gidan Sori, amma har yau in na ji ƙamshin dafaffiyar zogala sai dariya ta riga kewa zuwa. Ita ta goye ni, ita ta kora ni lakol, makarantar boko, da tsumagiya, kuma har na yi furfura ban daina shakkar bakinta ba.

Ciwon ya fara da kumburin ƙafa. Muka kai ta asibiti a Gidan Rumji. Likitar, wata matashiya 'yar Tibiri mai fara'a, ta ce ƙodar ta gaji, hawan jini ne kuma ke ƙara cinye ta. In jinin bai sauka ba, sai an kai ta Yamai wankin ƙoda, ta zauna can. Yaya Dije, wadda ko a Maradi ba ta yarda ta kwana, ta ce mutuwa ba ta dame ta ba, amma ita ba mai raba ta da garinsu ya kai ta ta ƙare cikin baƙi.

Aka ba ta ƙwayoyi, aka hana ta gishiri. Ta roƙa a bar ta ta riƙa shan ruwan ganyen zogala, don maƙwabta sun ce yana sauke jini. Likita ta ce to, kaɗan, kuma kada ta saki ƙwayar. Wallahi Yaya ta bi doka har ta wuce gona da iri. Gidan duka ya koma cin lami, har mijinta, Malam Idi, ya koyi yawo da ƙullin gishiri a aljihun riga yana barbaɗawa in ta juya baya. Zogalar bayan ɗaki kuwa ta sha tsiga har ta koma sanda.

Duk da haka, in an koma an ɗaura mata abin awo a damtse, jini yana nan sama. Aka fara maganar wanda zai sauke mu a Yamai. Yayata ta daina yi wa kowa faɗa, abin da ban taɓa gani ba, kuma hankalina ya tashi ƙwarai.

Ran nan likita ta ajiye abin awon ta ce, "Inna, gaya mani yadda kike dafa ganyen nan, tun daga tsigowa." Yaya ta gyara zama, an zo fagenta. A wanke, a zuba a tukunya, a jefa kanwa kamar ƙwan zabuwa don ganyen ya yi laushi, sai a tace a sha da sassafe. Likita ta dafe kai.

"Kanwa, Inna? Ai ita da gishiri uwarsu ɗaya!"

"Ke yarinya, a wane gari kika ga an dafa zogala ba kanwa?"

Muka fashe da dariya, har likitar, don ta ce ita ma haka uwarta ke dafawa. Ashe abin da Yaya ta kora daga miya, shi take cika moɗa da shi kullum safe da sunan magani. Duk gidan muna kallo, ba wanda ya ga aibu, tunda haka muka tashi muka tarar.

Ta daina jefa kanwar, tana mita wai an mai da ita akuya mai cin ganye da bauri. Jinin kuwa ya soma sauka. Ko ƙwayar ce, ko ganyen, ko barin kanwar, ni malamin lakol ne, ban sani ba. Ita dai ta ce ganyenta ne, kuma ba wanda ya isa ya musa mata.

Yanzu in ka shiga kasuwar Gidan Rumji ko tashar Agiye, ga samari nan da kwalabe da lasifika, wai ruwan ganye mai wanke ƙoda tas. Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce. Na san za ta tare mai kwalba ta ce ya gaya mata abin da ya jefa a tukunya, kuma ba zai sha da daɗi ba. Da za ta ji cewa masu ilimi ma sun koma binciken ganyayen nan, cewa za ta yi sun makara, su zo ta koya musu, amma su taho da abin awonsu.

Matan unguwarmu masu hawan jini har yanzu in za su dafa ganye sukan ture kanwa gefe su ce Dije ta hana. Ta bar wannan, ta bar mana labarin da muke dariya da shi ran sallah. Ƙodar ba ta warke ba, dama an gaya mana ba ta warkewa. Amma ta ƙara shekara huɗu a ɗakinta, ta aurar da autanta, ta yi wa kowa faɗa son ranta. Ina kewarta sosai. Ranar da ta cika, ba mu nemi mota ba. Daga ƙofar ɗakinta zuwa makwancinta, a kafaɗa muka kai ta.